Fuskar Manomi a Idon Na'ura: Nazari kan Auna Tsufa da Ɓarnar Rana a Ƙasar Aujara

Garin Aujara, a ƙaramar hukumar Jahun ta masarautar Dutse, yana kan kusan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Abin da wannan ke nufi ga mai riƙe da fartanya shi ne, sau biyu a shekara rana kan tsaya masa daidai tsakar ka: wajen ƙarshen Afrilu, lokacin sharar gona da kai taki, sai kuma wajen ƙarshen Agusta, gero na fid da kai. A ma'aunin ƙarfin hasken ultrabayolet da Hukumar Lafiya ta Duniya ke aiki da shi, 11 zuwa sama shi ne matakin ƙarshe, wanda ake ce wa mutum ya nemi inuwa ya zauna. A wannan yanki, kaiwa wannan mataki da tsakar rana a bazara ba labari ba ne. Manomi da makiyayi da ɗan acaɓa da yarinya mai talla duk a cikinsa suke neman na tuwo.

A ƙasashen da suka fi mu sanyi da kuɗi kuwa, an ƙera manhajojin da za ka ɗauki hoton fuskarka, cikin daƙiƙoƙi su faɗa maka shekarun da fatarka ta nuna da yawan ɓarnar da rana ta yi mata. Kamfanin L'Oréal ya sayi ModiFace na Kanada a 2018, a 2019 ya fito da SkinConsult AI a ƙarƙashin Vichy, wadda ke ba wa alamun tsufa bakwai maki, cikinsu har da tamoji, da sakin fata, da baƙaƙen tabo, da rashin sheƙi. Olay tana da tata, a asibitocin gyaran fata kuma akwai akwatin VISIA na kamfanin Canfield. Duk wayar da ke buɗe TikTok a Aujara tana iya buɗe ire-irensu. Tambayar da wannan nazari ya sa a gaba ita ce: idan irin wannan na'ura ta kalli fuskar mutumin nan, me take aunawa, kuma wa awon zai amfana?

Yadda na'urar ke koyo

Ƙirƙirarriyar basira ba ta san fata ba, lambobi ta sani. Hoto a wurinta miliyoyin ɗigogi ne, kowanne da adadin ja da kore da shuɗin da ke cikinsa. Ana tara dubban hotuna, likitocin fata su zauna su ba kowanne maki: wannan goshi tamojinsa mataki na 2 ne, wancan kunci tabonsa mataki na 4 ne. Sai a riƙa nuna wa na'urar hoto tana cinkar makin, ana gyara mata, tana daidaita lissafinta, har cinkenta ya kusanci na likitocin. Ke nan iyakar saninta shi ne iyakar hotunan da ta gani da hukuncin mutanen da suka yi musu maki.

Hanyar tana aiki, babu musu. A 2017 masu bincike a jami'ar Stanford suka wallafa a mujallar Nature cewa sun horar da na'ura da hotuna 129,450, ta kuma yi kafaɗa da kafaɗa da ƙwararrun likitocin fata 21 wajen bambance sankara da tabo marar illa. Amma tana da wata ɗabi'a ta neman gajeriyar hanya. A 2019 wani bincike a Jamus ya gano cewa idan likita ya zagaye tabo da shuɗin alƙalamin tiyata, na'urar kan ƙara zargin sankara ko da tabon lafiyayye ne, domin a hotunan da ta koya, tabon da ake shirin yankewa ne aka fi zagayewa. Launin alƙalamin nan shi ne na maganin da masu kemis ke kira GV, wanda ake lafta wa kusan kowane ƙurji da kowace ƙuna a ƙauyukanmu. Na'urar da ke ruɗewa da ɗigonsa a asibitin Turai, Allah kaɗai ya san abin da za ta ce a ɗakin shan magani na karkara.

Fatar da aka gina ma'aunin a kanta

Tun kafin na'ura, ma'aunan kansu an ɗinka su ne daidai da wata fata. Thomas Fitzpatrick na jami'ar Harvard ya tsara rabe-raben fatarsa a 1975 domin sanin yawan hasken da za a haska wa masu wata cutar fata ba tare da an ƙona su ba, kuma rukuni huɗun farko duk na fararen fata ne. Sai daga baya aka liƙa rukuni na biyar da na shida, aka cusa yawancin Afirka da kudancin Asiya a cikinsu. Wankan tarwaɗa da baƙi wuluk da jar fatar da ake gani a rugage, duk a gurbi biyu. Ma'aunin Richard Glogau na ɓarnar rana, mai mataki huɗu, shi kuma a kan tamoji ya ginu: babu tamoji, tamoji idan fuska ta motsa, tamoji ko ba ta motsa ba, sai tamoji zalla.

Akwai wani adadi da tallace-tallacen man shafawa ke yawan ɗaukowa, wai kashi 80 cikin ɗari na tsufan fuska rana ce ke jawo shi. Tushen da aka fi jingina shi da shi binciken masana na L'Oréal ne na 2013, a kan mata 298 fararen fata a Faransa. Gaskiya ne a kansu. Hoton nan da ya zaga duniya a 2012 daga mujallar likitanci ta New England, na direban babbar mota ɗan shekara 69 da ya yi shekara 28 yana tuƙi har gefen hagu na fuskarsa, mai kallon taga, ya yamutse ya bar na dama, shi ma gaskiya ne. Amma tun a 1979 Kaidbey da abokan aikinsa suka auna cewa saman baƙar fata na bayar da kariyar da ta kai kusan 13.4 a ma'aunin man kariyar rana, na farar fata kuwa 3.4. Hasken UVA, wanda ke nutsawa ya lalata zaren kolajin da ke riƙe da fata, kusan kashi 17.5 cikin ɗari ne ke ratsa saman baƙar fata, a fara kuwa fiye da rabi. Sinadarin melanin ne ke wannan aiki.

Shi ya sa baƙar fata ke jinkirin yin ƙananan tamoji. Tsufanta ya fi bayyana a sakin kumatu, da zurfin layin da ya sauko daga hanci zuwa gefen baki, da rashin daidaiton launi, da ƙananan baƙaƙen tsiron nan da ke fesowa dattawa a kunci da gefen ido, waɗanda gado ne mafi yawa. Rana ba ta ƙyale ta ba, ta wata ƙofa take shigo mata. Wani bincike a asibitin Henry Ford da ke Detroit a 2010 ya nuna cewa hasken da ido ke gani ma, ba sai ultrabayolet ba, yana duhunta fata mai melanin da yawa, duhun kuma ya daɗe. Saboda haka na'urar da ta koyi cewa ɓarnar rana ita ce tamoji za ta kalli manomin da ya shekara hamsin a gona ta ce lafiya lau yake; wadda ta koyi cewa ɓarnar ita ce baƙin tabo za ta kalli budurwar da ƙurajen balaga suka bar wa tabo ta ce rana ta gama da ita. Awon gero ne da mudun wani gari.

Hotunan da ake horar da na'urorin sun ƙara karkatar da lamarin. Wasu masana a Ingila sun bi rumbunan hotunan sankarar fata 21 da kowa ke iya ɗauka kyauta, hotuna 106,950, suka wallafa sakamakon a Lancet Digital Health. Hotuna 2,436 kacal aka rubuta wa launin fata. Cikinsu 10 na masu fata ruwan ƙasa ne, ɗaya tak na mai baƙar fata. A 2022 Roxana Daneshjou da abokan aikinta a Stanford suka haɗa hotuna 656 na fata launi-launi, kowanne an tabbatar da cutarsa ta gwajin tsoka, suka gwada fitattun na'urori a kai. Ƙoƙarinsu ya faɗi, ya kuma fi faɗuwa a kan baƙar fata. Abin da ya fi muhimmanci a binciken, a ganina, shi ne da aka ƙara horar da na'urorin da irin waɗannan hotuna, giɓin ya toshe. Laifin ba na lissafi ba ne, na abin da aka ciyar da shi ne. Likitocin ma ba su tsira ba: wani gwaji da aka wallafa a Nature Medicine a 2024, da ƙwararrun likitocin fata 389 da likitocin gama-gari 459, ya nuna dacewarsu na raguwa da kusan maki huɗu cikin ɗari idan hoton na baƙar fata ne. Idan malamin na tuntuɓe, ina ga almajirin.

An yi yunƙurin gyara. Google ta rungumi ma'aunin launi goma na Ellis Monk a 2022, L'Oréal kuma tana da kundin tsufan fata na baƙaƙen Amurka. Sai dai baƙar macen Chicago mai aikin ofis da matar da ke sussuka da surfe da girki da kara a Aujara, launi kawai ya haɗa su.

Abin da ke kan fuskar mutumin Aujara

A ɗauki fuskar dattijo guda a kasuwa. A goshinsa akwai tabon sujada, baƙi mai kauri. A kumatunsa akwai tsagar gado da wanzami ya yi masa yana ɗan kwana bakwai, layi-layi masu zurfi, ko bille guda a gicciye. Idonsa da kwalli. Goshinsa daga sama ya fi haske, domin hula ko malfa ta rufe shi shekara da shekaru. Idan hunturu ne, fatar ta yi furu-furu da ƙura da bushewa, leɓe ya tsage. Idan ya shafa man kaɗe ko basilin kafin ya fito, fuskar na ƙyalli har kyamara ta ga fari a inda baƙi yake. Na'ura mai ƙirga layi da tabo za ta lissafa tsaga a tamoji, tabon sujada a ɓarnar rana, kwalli a duhun ƙarƙashin ido. Kowane yaro a garin ya san ba haka ba ne, domin ya san tarihin kowace alama.

Fuskar mace ta fi wannan sarƙaƙiya. Matar da ke cikin kulle ba ta shan rana kamar mijinta, amma tana shan hayaƙin murhu safe da yamma. Binciken da aka yi a kan mata a Sin, aka wallafa a 2015, ya danganta girki da itace ko gawayin kwal da ƙarin yamutsewar fuska da bayan hannu. Ga haihuwa kusa-kusa, ga ƙarancin jini, ga duhun da juna biyu ke shimfiɗa wa wasu mata a kumatu da goshi. Hoto ba ya rarrabe abin da rana ta yi da abin da hayaƙi ya yi da abin da yunwa ta yi. Manhajar da ta ce kashi kaza na tsufanki daga rana ne, cinke ta yi, ta sa masa rigar lamba.

Sai wayar kanta. Tecno da Itel da Infinix, 'ya'yan kamfanin Transsion na Shenzhen, su suka mamaye kasuwar waya a Afirka, kuma cikin dalilan farin jininsu har da yadda aka saita kyamararsu ta fito da baƙar fuska fes. Wannan saiti gyara ne: wayar na ƙara haske, ta goge ƙananan tabo, ta lailaye fata, sau da yawa ba tare da mai ita ya nema ba. Kafin hoton ya isa ga na'urar awo, wata na'urar ta riga ta yi masa kwalliya. Akwatin VISIA ya kauce wa wannan ta hanyar kulle haske da tazara da kusurwa, amma hoton ultrabayolet da yake taƙama da shi, mai tono ɓoyayyun tabo, ya dogara ne ga bambancin wuri mai melanin da wuri marar shi. A fatar da melanin ya cika ko'ina, bambancin kan dushe. Jan da ƙunar rana ke sa wa Bature, wanda na'ura ke gani nan take, a baƙar fata sai dai ya fito da duhu ko launin toka.

Akwai kuma wata matsala da masu ƙera manhajar ba su cika tunawa da ita ba. Don a ce fuska ta girmi mai ita, sai an san shekarunsa na haƙiƙa. Da yawa cikin dattawan karkararmu ba su da takardar haihuwa. Da aukuwa suke lissafi. Wannan zai ce yana goye aka kashe Sardauna, wato 1966; wancan ya ce da wayonsa aka yi canjin hannu a 1972 ko canjin kuɗi a 1973. Shekarun da ke kan katin zaɓe ko katin ɗan ƙasa sau da yawa ma'aikacin rajista ne ya kalli fuska ya ƙiyasta. Idan aka horar da na'ura da waɗannan, an koya mata cinken magatakarda ne, sannan a dawo a ce ta tabbatar da shi.

Ba ina cewa shekarun fuska shirme ba ne. Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, kimiyya ma ta tarar da gaskiya a nan. Binciken tagwaye 1,826 masu shekara 70 zuwa sama a Denmak, a 2009, ya nuna wanda ya fi kama da tsoho cikin biyun ya fi yiwuwar riga ɗan uwansa rasuwa. A 2025 masana a Boston suka fito da FaceAge, da aka horar da hotuna 58,851 aka gwada a kan masu sankara 6,196, waɗanda fuskokinsu a matsakaici suka girme su da kusan shekara biyar. Amma wannan awon ƙarfin jiki ne don taimaka wa likita zaɓen magani, ba awon kyau ba.

Maki da man bilicin

A nan ne na fi jin tsoro. Yawancin manhajojin nan masu sayar da mai ne suka mallake su, kuma kowane awo da talla yake ƙarewa. A Paris, idan manhaja ta ce wa mace tana da baƙaƙen tabo da ƙarancin sheƙi, za ta sayi man kariyar rana a kantin magani. A Dutse ko Jahun, wannan jumla da kanta hanya ɗaya take nunawa, wajen mai haɗa mai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kawo cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya na amfani da man ƙara haske. Adadin ya samo asali daga binciken 'yan kasuwa 450 a Legas da aka wallafa a 2002, don haka kuskure ne a shimfiɗa shi kan ƙasa baki ɗaya. Amma duk wanda ya halarci biki a arewa ya san abin ya yi nisa. A Fabrairun 2023 shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Abubuwa uku ne aka fi samu a cikin haɗin: haidirokwinon, wanda doka ta taƙaita a kashi 2 cikin ɗari a kayan kwalliya, magungunan sitiroyid masu ƙarfi irin su kilobetasol, da zaiba, wadda yarjejeniyar Minamata ta haramta a kayan shafa.

Yadda suke aiki shi ne abin lura. Haidirokwinon da zaiba na daƙile sarrafa melanin, wato suna rushe garkuwar nan da Kaidbey ya auna. Sitiroyid na sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, ya kawo ƙuraje da nankarwa. Mai shafawa ta fita rana mai ƙarfin 11 da fatar da aka kwance wa ɗamara, sai ƙuna, sai duhu a kan ƙashin kunci. Idan aka daɗe, sai wani tabo baƙi mai ratsin shuɗi ya zauna, wanda wani mai bincike, Findlay, ya bayyana a Afirka ta Kudu tun 1975, mai wuyar magani ƙwarai. Yanzu a sa manhaja a tsakiyar wannan. A makonnin farko fata ta yi haske, tabo ya dushe, maki ya hau, na'ura ta yaba. Bayan shekara tabon kunci ya fito, na'ura ta ce ɓarnar rana ce, ta ba da shawarar abin ƙara haske. Mai haɗa mai ta ƙara ƙarfin haɗin. Na'urar ba ta yi ƙarya a ko ɗaya ba, abin da ta gani ta faɗa, amma tambayar da ma'aikaciyar jinya za ta fara yi, “Hajiya, wane mai kike shafawa?”, ita ce ba ta cikin hoto.

Wanda ya ga kamar zargin ya yi yawa, ya tuna gasar kyau ta Beauty.AI a 2016, inda na'urori suka yi alƙalanci a kan hotunan mutane kusan 6,000 daga ƙasashe sama da 100. Cikin 44 da suka ci, mai baƙar fata ɗaya ne. Ba wanda ya umarci na'urar ta fifita fari. Daga hotunan ta tsince shi.

Waɗanda rana ke kashewa

Akwai mutanen da awon ɓarnar rana a fuskarsu batun rai ne: zabiya. Jikinsu ba ya sarrafa melanin yadda ya kamata, suna kuma rayuwa a ƙarƙashin ranar da aka bayyana a sama. A 1975 Farfesa Anezi Okoro, likitan fata a Inugu, ya wallafa nazari a kan zabiya 1,000 a Najeriya, ya tarar ƙalilan ne cikinsu suka haura shekara 30. Ɓarnar kan fara tun suna yara: fatar wuya da kunne da goshi da leɓe ta yi kauri, ta yi ɓawo mai kaushi kamar yashi, wani ɓawon ya rikiɗe ya zama gyambon da ba ya warkewa. Idan an kama shi yana ɓawo, daskarar da shi ko ɗan yanka ya wadatar. Idan aka tsaya shafe-shafen gida har ya ci kunne ko ya kai ƙashi, sai tiyata babba da gashin haske, idan ma an samu kuɗin.

Abin mamaki, a nan ne na'urorin da aka horar da fatar Turawa suka fi kusa da dacewa, tunda alamun da suka koya, ja da ɓawo da gyambo a kan fata mai haske, su ne alamun. Kusa na ce, domin dole a gwada su a kan zabiyan Afirka kafin a dogara da su. Amma idan akwai wurin da ya cancanci kuɗin bincike, nan ne: ma'aikacin lafiya a matakin farko ya ɗauki hoton fuska da wuya da kunnen kowane zabiya da ke yankinsa duk bayan 'yan watanni, na'ura ta kwatanta na yau da na baya, ta ware wanda ya canja, likita a Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni da ke Dutse, ko a Birnin Kudu, ko a Asibitin Malam Aminu Kano ya duba ya ce a kawo shi. Kwatanta mutum da kansa ya kauce wa matsalar shekarun da ba a sani ba, ya kuma kauce wa ma'aunin kyau. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 13 ga Yuni don zabiya, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta saka man kariyar rana cikin jerin muhimman magunguna a 2025. Sai dai awo ba ya maye gurbin malfa mai faɗi da riga mai dogon hannu da sauya wa yaro aiki daga gona zuwa inuwa, waɗanda suka fi araha, suka kuma fi kowace manhaja tasiri.

Ga sauran jama'a masu baƙar fata, sankarar fata ba a fuska ta fi zama ba. Rahotannin asibitocin koyarwa na Kano da Zariya sun daɗe suna nuna cewa a ƙafa aka fi samunta: tsohon gyambo ko tabon ƙuna da ya shekara yana ruwa, ko baƙin tabo a tafin ƙafa da ƙarƙashin farce, irin wanda ya yi ajalin Bob Marley a 1981. Wannan na biyun ba ruwansa da rana. Manhajar da ke kallon fuska kaɗai tana iya ba mutum maki mai kyau alhali ajalinsa na cikin takalminsa. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta a 2023 cewa mutum biliyan 1.6 ne ke aiki a rana, kuma kusan 19,000 sun mutu a 2019 da sankarar fatar da aikin ya jawo; amma a wurin manominmu, ido ma na cikin abin da rana ke ci, da yanar ido da tsokar da ke tsirowa daga gefe ta doshi ƙwayar.

Sannan akwai cututtukan da ke shigar burtu. Ƙarancin sinadarin nayasin, wanda ke kama masu dogaro da masara ko dawa zalla da wasu masu shan maganin tarin fuka, yana fitar da baƙin ɓawo daidai inda rana ke taɓawa: fuska, zagayen wuya, bayan hannu. Na'urar kwalliya za ta kira shi ɓarnar rana, alhali magani mai arha da gyaran abinci ke warkar da shi. Kuturta kan fara da ɗan fili mai haske a fata, wanda ake ɗauka kyasbi ne; abin da ke tona ta shi ne a shafa auduga a wurin, mutum ya ce bai ji ba. Kyamara ba ta taɓawa.

Akwai aikin da ya kama hanyar da ta dace. Manhajar Hukumar Lafiya ta Duniya ta cututtukan fata da aka yi watsi da su, an gwada ta da ƙirƙirarriyar basira a Kenya a hannun ma'aikatan lafiya na matakin farko, sakamakon farko da aka bayyana a 2024 ya nuna dacewa ta kusan kashi 80 cikin ɗari. Jami'ar Basel da abokan aikinta sun tara rumbun PASSION, hotuna 4,901 na marasa lafiya 1,653 daga Madagaska da Malawi da Gini da Tanzaniya, a kan ƙazuwa da makero da ire-irensu. Babu abin da zai hana Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, ta yi irinsa da asibitocin jihar, balle hukumar NITDA mai cibiyar ƙirƙirarriyar basira ta ƙasa ta samu shugabancin ɗan Haɗeja, Kashifu Inuwa Abdullahi, tun 2019.

Tara hotunan ba aikin kyamara kawai ba ne. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya da na siffar jikin da ke tantance mutum cikin masu buƙatar kariya ta musamman, kuma yardar da aka samu ta hanyar danna maɓalli a ƙarƙashin dogon Turanci ba yarda ba ce ga wadda ba ta karanta boko ba. Dole a yi bayani da Hausa da Fulatanci, mace ta ɗauki hoton mace, a san mai gida da mai unguwa sun sani, a faɗi inda hoton zai kwana da ranar da za a goge shi. Kowane hoto kuma ya zo da abin da fuska ba ta faɗa: sana'a, man da ake shafawa da tsawon lokacin shafa shi, irin makamashin girki, lokacin shekara, irin wayar da ko an kashe mata gyaran fuska, da ko shekarun mutum daga takarda suka fito ko daga ƙiyasi. Inda aka yi zargin sankara, sai an yanki tsoka an kai ɗakin gwaji kafin a rubuta wa hoton suna, kamar yadda aka yi wa hotuna 656 na Stanford. Wannan kuwa na buƙatar likitan gwajin tsoka, da kuɗin motar majinyaci daga Aujara zuwa Dutse, da wanda zai kira shi idan sakamako ya fito.